Yaron da aka sallama saboda ƙanƙanta: Jamie Vardy da shekara bakwai a Stocksbridge

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili ranar tantance yara ya san yadda abin yake tafiya. Yara sun haura ɗari, an raba musu riguna masu lamba, wani takalmin aro ne a ƙafarsa har sai da ya cusa tsumma a gaba kafin ya zauna. Koci biyu ko uku suna tsaye da takarda da biro. A ware sha ɗaya nan, sha ɗaya can, a ba su minti ashirin, a busa usur, a ce na gaba su shigo. Yaron da aka ajiye a gefen hagu wataƙila sau uku ƙwallo ta zo inda yake, ɗaya ma ta wuce ta saman kansa. Da la'asar sakaliya a karanto sunaye. Wanda bai ji nasa ba ya saɓa takalmi a wuya ya kama hanyar gida, yana tunanin abin da zai faɗa wa abokai.

Ba a cika bin sawun waɗannan yara ba. Amma akwai guda ɗaya a Ingila da aka san kowane takun da ya yi bayan an ce masa bai isa ba, shekara bayan shekara, har da kuɗin da ake biyansa a mako. Shi ne Jamie Vardy, kuma labarinsa ya fi amfani idan aka karanta shi ta wajen ƙananan ƙungiyoyin da suka riƙe shi, maimakon ta wajen kofin Firimiya da ya ɗaga da Leicester City a ƙarshe.

Hukuncin Sheffield Wednesday

An haifi Vardy ranar 11 ga Janairun 1987 a Sheffield, birnin da aka sani da masana'antar ƙarfe. Ya tashi a unguwar Hillsborough, inda filin Sheffield Wednesday yake, kuma ita ce ƙungiyar da yake goya wa baya tun yana ƙarami. Ya shiga makarantar horar da yaranta, ya yi shekaru a ciki. Da ya kai 16, shekarar da ƙungiyoyin Ingila ke yanke wa za a ba gurbin horo na cikakken lokaci wa kuma za a sallama, sai aka ce masa ya yi ƙanƙanta. Shi ke nan.

Yana da sauƙi a yau a yi wa mutanen Wednesday dariya, kuma an yi. Ni dai ban ga wauta a abin da suka yi ba. A duba halin da ƙungiyar take ciki: ta faɗo daga gasar Firimiya a 2000, bashi ya yi mata katutu, a 2003 ta sake gangarawa mataki na uku. Ƙungiya irin wannan ba ta da kuɗin jiran kowa. Guraben kaɗan ne, kuma tambayar da ke gaban kocin yara ita ce wane ne zai iya shiga cikin manya nan da shekara biyu ko uku. Idan ga yara biyu, ɗaya ya riga ya yi ƙirji da gemu, ɗaya kuma iska na neman ɗaukarsa, ba sai an yi dogon nazari ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Matsalar tana cikin ma'aunin kansa. A Ingila ana raba yara rukuni-rukuni ne daga 1 ga Satumba, daidai da shekarar makaranta. Yaron da aka haifa a Satumba da wanda aka haifa a Agustan da ke biye suna wasa tare, alhali kusan shekara guda ce tsakaninsu, kuma an daɗe da lura cewa 'yan watannin farko ne suka cika makarantun ƙwallo. Vardy ɗan Janairu ne, yana tsakiya, don haka ba wata ne ya cuce shi ba. Jikinsa ne ya makara. Tsakanin shekara 13 da 16 ana samun yara sa'o'in juna da ɗaya ya gama balaga ɗaya bai fara ba, kuma babu abin da ke nuna na farkon zai fi ƙwarewa idan duk sun kai 22. Tsawon ya zo wa Vardy bayan an sallame shi, a lokacin da ba ya cikin littafin kowa.

(Mu a nan mun san wannan ciwo ta wata fuskar. Tunda babban jiki ke cin tantancewa, sai aka koma rage shekaru. Abin ya yi ƙamari a duniya har FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda Najeriya ta karɓi baƙuncinta. Ɗan 15 na gaskiya da aka jera da ɗan 20 mai takardar 15, wane koci ne zai gan shi?)

Vardy ya ajiye ƙwallo gaba ɗaya na tsawon watanni. Wannan gaɓar ce mafi haɗari a labarin duka, kuma a nan mafi yawan yara ke ɓacewa. Yaron da ya saba da rigar babbar ƙungiya yana jin kunyar a gan shi a filin unguwa. Iyaye ma sukan ji haka, wani lokaci fiye da shi.

Bracken Moor

Stocksbridge ƙaramin gari ne a cikin kwari, arewa maso yammacin Sheffield, wanda ya ginu a kan kamfanin ƙarfe. Ƙungiyar garin, Stocksbridge Park Steels, an kafa ta a 1986 bayan an haɗe ƙungiyar ma'aikatan kamfanin da wata maƙwabciyarta. Filinta, Bracken Moor, yana kan tudu, kuma rabawa suke da masu wasan kurket, shi ya sa gefe ɗaya ba shi da gini, shinge ne kawai da ake kafawa a cire. 'Yan kallo 'yan ɗaruruwa ne a ranar da aka cika. Masu sayar da tikiti da masu shafa farin layi da masu dafa shayi mutanen gari ne da ke yi don so.

Nan Vardy ya zo a 2003. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ko a nan ɗin bai fara da manya ba. Ya yi wasa da matasan ƙungiyar, ya yi da rukuni na biyu, sai a 2007 koci Gary Marrow ya saka shi cikin babbar tawaga, yana da shekara 20. Wato shekara huɗu ya yi a ƙasan wata ƙungiya da ita kanta take mataki na takwas a tsarin ƙwallon Ingila. Idan aka ce mataki na takwas, a lissafa: Firimiya, Championship, League One, League Two, waɗannan huɗun su ne ƙungiyoyi 92 na ƙwararru. Sai a sake sauka hawa huɗu. Albashinsa fam 30 a mako. Abincinsa kuwa daga wata masana'anta yake fitowa, inda ake ƙera abubuwan ɗaure ƙafa da gaɓɓai na marasa lafiya, aikin tsayuwa da ɗaga kaya tun safe, sannan ya wuce atisaye da dare.

A 2007 ɗin ne kuma kotu ta same shi da laifin duka bayan wata hatsaniya a ƙofar mashaya. Shi ya ce kare wani abokinsa mai matsalar ji ya yi. Aka ɗaura masa na'urar sa ido a idon sawu wata shida, tare da dokar kada ƙarfe shida na yamma ta same shi a waje. Wasannin Asabar da ƙarfe uku ake take su. Idan a waje ne, sai a sa shi ya buga awa guda ko ƙasa da haka, koci ya cire shi, ya tsallake shinge da kayan wasa a jikinsa ya faɗa motar iyayensa, a yi ta gudu don a riga agogo isa gida. Safa ce ke rufe na'urar.

Ku tsaya a kan wannan hoton. Wace babbar makarantar ƙwallo ce za ta jure haka daga yaron da ba ta ma tabbatar da shi ba? Tana da wasu talatin a layi. Stocksbridge ba ta da talatin a layi. Tana da ɗan gaba ɗaya mai gudu kamar barewa, don haka ta lanƙwasa tsarinta ta yi daidai da shi. Ba na cewa tausayi ne zalla, buƙata ce, amma buƙatar ƙaramar ƙungiya ita ce rahamar yaron da bai gama nuna kansa ba.

Abu na biyu da ya samu shi ne wasa, na gaske, kowane mako. Sa'o'insa da suka tsira a manyan makarantu da yawa suna buga wasannin matasa a filaye masu laushi, babu 'yan kallo, babu wanda zai rasa komai in an sha kashi, wasu kuma benci suke ɗumamawa. Shi kuwa yana karawa da magidanta 'yan shekara talatin, magina da direbobi da masu gyaran famfo, a cikin taɓo da sanyin Janairu, mutanen da ba su ɗauki shure ƙafar yaro a bakin komai ba. A irin wannan wasa ba a kawo maka ƙwallo a ƙafa. Ana doko ta sama ne a bayan 'yan baya, kai ka san yadda za ka yi. Duk abin da aka san Vardy da shi daga baya, tsayuwa a kafaɗar ɗan baya na ƙarshe yana jiran kada a kama shi da satar gida, bin gola da 'yan baya da gudu har su yi kuskure, harbi ba tare da ɓata lokaci ba, daga nan ya samo su. Har da zafin kai, domin ya sha karɓar jan kati a Stocksbridge, abin da ya sa wasu masu farautar 'yan wasa suka ja da baya.

Gwaji bai daina ƙin sa ba. A 2009 ya je Crewe Alexandra, ƙungiyar da ta yi suna wajen renon matasa, ya yi kwanaki, ba su ɗauke shi ba. Rotherham United ta yi masa tayin gajeren kwantiragi, shi kuma ya ƙi. Bambancin wannan karon da na farko shi ne yana da wurin komawa ranar Asabar. A shekarar ce ma Stocksbridge ta haura mataki na bakwai.

Tsanin

A watan Yunin 2010 Neil Aspin, kocin FC Halifax Town, ya saye shi a kan fam 15,000. Ita ma Halifax tana da nata labarin: tsohuwar ƙungiyar garin ta durƙushe saboda bashi a 2008, aka kafa sabuwa, aka tura ta ƙasa ta faro. Vardy ya ci mata ƙwallo fiye da 20 a kakarsa ta farko, suka lashe rukuninsu. A Agustan 2011 ya koma Fleetwood Town, a wani garin masunta kusa da Blackpool, mataki na biyar. Ya zura 31 a gasar, Fleetwood ta zama zakara, ta shiga sahun ƙwararru karo na farko a tarihinta. A tsakiyar kakar sun haɗu da Blackpool a kofin FA, aka lallasa su 5-1, Vardy ne ya ci ɗayar. Blackpool ta taya shi fam 750,000, mai Fleetwood, Andy Pilley, ya ce albarka. A watan Mayun 2012 Leicester City ta biya fam miliyan 1, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan ɗan wasan da ke wajen matakai huɗu na ƙwararru. Shekararsa 25.

Abin lura a wannan jerin shi ne hawa-hawa ya bi, bai yi tsalle ɗaya daga ƙasa zuwa ƙololuwa ba. Takwas, bakwai, biyar, biyu. Kowane hawa yana kallon na ƙasansa, domin ƙungiyoyin suna haɗuwa a gasa ɗaya ko a kofi, sakamako yana rubuce, ƙwallayen da mutum ya ci suna rubuce, rajistarsa tana hannun hukuma, kuma wanda ya saya dole ya biya wanda ya rena. Aspin bai ga Vardy a gwajin minti ashirin ba. Ya gan shi a wasannin gasa, yana wahalar da 'yan baya mako bayan mako. Kaka guda cur ta fi kowace tantancewa faɗin gaskiya, tunda a cikinta ana ganin mutum ranar da yake jin daɗi da ranar da ya kwana bai yi barci ba, a gida da waje, ana ci da ana cin su.

Ko a Leicester bai fara da ƙafar dama ba. Kakarsa ta farko ƙwallo 4 kacal ya ci a gasa, magoya baya suka yi ta surutu, har ya yi tunanin barin abin. Koci Nigel Pearson da mataimakinsa Craig Shakespeare ne suka tausasa shi. Kaka ta biyu ya ci 16, Leicester ta haura Firimiya. Ya fara buga gasar yana da 27, ya fara saka rigar Ingila a Yunin 2015 yana da 28.

Sauran kowa ya gani a gidan kallo. Ranar 28 ga Nuwamban 2015, golan Leicester Kasper Schmeichel ya kama kwanar Manchester United ya jefa wa Christian Fuchs, Fuchs ya ja ta ya zura a bayan 'yan baya, Vardy ya ɓullo ya buga ta wuce David de Gea. Wasa na 11 ke nan a jere yana ci, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy. Irin ƙwallon Bracken Moor ce sak, sai dai ciyawar ta fi kyau. Ya gama kakar da 24, Leicester ta lashe gasar da maki 81 a ƙarƙashin Claudio Ranieri, bayan 'yan caca sun ba ta 5,000 da 1, wato sun ɗauka abu ne da kusan ba zai yiwu ba. Daren 2 ga Mayun 2016, da Chelsea ta riƙe Tottenham, wadda ke bin Leicester a teburi, 2-2 kofin ya tabbata, a gidan Vardy 'yan wasan suka taru suna kallo.

Ba shi kaɗai ba ne a tawagar ya biyo ta ƙasa. N'Golo Kanté ya zauna a JS Suresnes, ƙungiyar unguwa a bayan Paris, har ya kai 19, manyan makarantun Faransa suna wuce shi saboda gajarta, kafin ya je Boulogne sannan Caen. Riyad Mahrez, wanda ake cewa ya rame da yawa, ya bi ta Sarcelles da Quimper da Le Havre, Leicester ta same shi a ƙasa da fam rabin miliyan. Mutum uku mafi tasiri a ƙungiyar da ta ba duniya mamaki, duka ukun ma'aunin shekara 16 ya zubar da su, ƙananan ƙungiyoyi suka tsince. Shugaban masu farauta na Leicester a lokacin, Steve Walsh, sana'arsa ke nan: duba inda manya ba sa dubawa.

Bayan watanni biyu Ahmed Musa ya iso daga CSKA Moscow. Shi ma ta tsani ya hau, daga makarantar GBS a Jos zuwa JUTH, zuwa Kano Pillars inda ya ci 18 a kaka guda, sannan VVV-Venlo ta Holand. A Leicester kuwa ya tarar da gurbin gaba yana da mai shi. Ya ci Barcelona biyu a wasan share fage, amma da aka shiga gasa benci ya fi yawa, daga baya ya koma Moscow aro, ya dawo da ƙafarsa, ya ci Iceland biyu a gasar duniya ta 2018. Ko ƙwararre ma sai yana buga wasa yake zama kansa.

Inda ake karkatar da labarin

Ana yawan ba yara labarin Vardy a matsayin alkawari: ka daure, kai ma za ka kai. Wannan ba gaskiya ba ce, kuma zalunci ne a faɗa wa yaro. Dubban matasa sun bi ta ƙungiyoyi irin Stocksbridge, kusan dukkansu a nan suka fara a nan suka gama. Idan darajar ƙaramar ƙungiya ita ce ta fitar da Vardy, to Stocksbridge sau ɗaya ta yi amfani a shekara kusan arba'in. Ni a ganina abokan wasansa da suka ci gaba da zuwa aiki da safe suna buga ƙwallo ranar Asabar har gwiwa ta ƙi, ba su yi asarar komai ba. Sun samu wasa, sun samu jama'a, garin ya samu abin taruwa bayan aikin ƙarfe ya ja baya. Don su aka kafa ƙungiyar. Vardy ya ci albarkacinsu ne, domin da babu mutum goma da za su fito tare da shi a ruwan sama a kan fam 30 ko ƙasa da haka, da babu inda zai jira jikinsa da hankalinsa su iso.

Ga uban da ɗansa ya dawo daga tantancewa an saka shi a rukuni na biyu, ko an ce ya nemi wata ƙungiya, lissafin da wannan lamari ya nuna mai sauƙi ne. Minti nawa yaron zai buga a wata? A ina zai taɓa ƙwallo da yawa, ya yi kuskure ba a cire shi nan take ba? Kocin ya san sunansa da halinsa? Ƙungiyar tana cikin gasa mai rajista da ake rubuta sakamakonta? Ɗan 14 da ke buga minti 70 kowane mako a ƙaramar ƙungiya yana gaba da wanda ke saka riga mai tambari yana shiga saura minti biyar. Tambaya ta ƙarshe, ta rajista, ita ce ta fi damuna idan na waiwayo gida. Muna da NPFL, babbar gasar Najeriya, da NNL mai bi mata, da NLO a ƙasansu, kuma kowace unguwa a Kano da Kaduna da Jos tana da kulob. Amma yaro zai iya cin ƙwallo 30 a gasar unguwa babu takarda ɗaya da ta shaida, kocin da ya rene shi shekara shida kuma ya tashi a tutar babu ranar da wani eja ya ɗauke shi. A irin wannan giɓi ne masu karɓar kuɗin fom da sunan gwaji a Turai suke cin kasuwarsu.

Vardy da kansa ya gane cewa sa'a ta taka rawa a lamarinsa, kuma akwai irinsa da ba a gani ba. Shi da wakilinsa John Morris sun kafa V9 Academy, sansanin mako guda na 'yan wasan ƙananan ƙungiyoyi, wanda aka fara a 2017 a filin atisayen Manchester City, aka gayyato masu farauta su zo su kalla. Danny Newton ya samu Stevenage daga nan. Sam McCallum ya tashi daga Herne Bay zuwa Coventry City, daga baya Norwich City ta saye shi. Abin dariyar shi ne, ita ma V9 tantancewa ce, ta 'yan kwanaki, mai ɗaukar kaɗan ta bar da yawa. Sai dai waɗanda ta bari manya ne masu ƙungiyoyinsu, ranar Asabar za su fito.

Ya ci takalmin zinare a 2020 da ƙwallo 23 yana da shekara 33, babu wanda ya taɓa cin sa a Firimiya da ya kai shi shekaru. Ya ɗaga kofin FA a 2021. Ranar 18 ga Mayun 2025 ya buga wa Leicester wasa na 500, ya ci Ipswich ƙwallonsa ta 200, ya yi sallama, sannan ya tafi Cremonese ta Italiya yana da 38. A Bracken Moor an saka wa babbar rumfar 'yan kallo sunansa. Ɗaya gefen har yanzu shinge ne, in bazara ta zo a kwance shi a ba masu kurket fili.